"Dole Mu Cika Lambar Nan": Yadda Halin Bernard Ebbers Ya Shiga Littafin Kuɗin WorldCom

A watan Oktoba na 2000, a hedikwatar kamfanin sadarwa na WorldCom da ke ɗan garin Clinton a jihar Misisifi ta Amurka, an kira wasu akantoci biyu, Betty Vinson da Troy Normand, ofishin maigidansu Buford Yates. Lissafin watanni ukun da suka ƙare bai fito yadda aka yi wa masu hannun jari alkawari ba. Umarnin da ya zo daga sama shi ne a kwaso dala miliyan 828 daga kuɗin da kamfanin ya ware don biyan basussukan da ke tafe, a rage yawan abin da aka kashe da su, don riba ta kumbura. Dukkansu sun san aikin ba ya kan ƙa'ida. Sun yi, amma zukatansu ba su kwanta ba, har Vinson da Normand suka fara maganar ajiye aiki. Sai babban jami'in kuɗi na kamfanin, Scott Sullivan, ya kira su ya lallashe su. Ya ce su ɗauki kamfanin tamkar jirgin ruwan yaƙi mai ɗauke da jiragen sama: akwai jirage a sama, a bari su sauka tukuna, in sun sauka mai son tafiya ya tafi. Ya kuma ba su tabbacin ba za a sake ba.

Bayan 'yan watanni aka sake, aka kuma ci gaba da sakewa har cikin 2002.

Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, ba ya cikin ɗakin a ranar. Babu wata shigarwa a littafin kuɗin WorldCom da aka nuna shi ya yi ta da hannunsa, mutum ne ma da bai cika amfani da imel ba. Duk da haka, wanda ya bi diddigin yadda aka murɗe kusan dala biliyan 11 a lissafin kamfanin, sawun zai kai shi ƙofar Ebbers. Abin da nake so mu duba ke nan: ta wace hanya halin mutum ɗaya ke gangarowa daga bene na sama har ya zama lamba a takardar da wani ƙaramin ma'aikaci ya sa wa hannu.

Mai otal da ya zama sarkin waya

An haifi Ebbers a Edmonton ta ƙasar Kanada a 1941. Dogon mutum ne, ƙwallon kwando ce ta kai shi karatu Kwalejin Misisifi, inda ya karanta ilimin motsa jiki. Ya yi rabon madara gida-gida, ya yi gadin ƙofar gidan rawa, ya koyar da ƙwallon kwando, daga baya ya tara wasu ƙananan otal-otal. A 1983, lokacin da ake shirin wargaza babakeren da AT&T ya yi a harkar tarho a Amurka, shi da wasu abokai suka zauna a wani wurin shan kofi a garin Hattiesburg suka tsara kamfanin LDDS. Dabarar mai sauƙi ce: a sari lokacin waya a dunƙule daga manyan kamfanoni, a sayar wa ƙananan 'yan kasuwa da rangwame. Kamfanin ya fara da asara, a 1985 aka miƙa wa Ebbers ragama, shi kuma ya matse kashe kuɗi har riba ta fito.

Daga nan ya gano sana'ar da ya fi iyawa, wato sayen kamfanoni. Ya haɗiye fiye da 60. A 1995 sunan ya koma WorldCom, a 1996 ya sayi MFS wanda ya zo masa da UUNET, ɗaya daga cikin manyan masu jigilar intanet a lokacin, a 1998 kuma ya kammala sayen MCI, kamfanin da ya ninka nasa girma, a kan kusan dala biliyan 37. Galibin cinikin da takardun hannun jari aka biya. Ma'anar haka ita ce farashin hannun jarin WorldCom shi ne kuɗin cefanen Ebbers: in ya hau, ya iya sayen wani kamfanin, sayen kuma ya ƙara ɗaga farashin. A tsakiyar 1999 hannun jari ɗaya ya haura dala 60.

Mutumin yana da farin jini. Takalmin makiyayan Amurka yake sawa da wandon jins, yana koyar da darasin ranar Lahadi a cocin Baptist na garinsu Brookhaven, yana buɗe taron daraktoci da addu'a. A jihar da take cikin mafiya talauci a Amurka, ga ɗan gida ya kafa kamfanin da duniya ke magana a kai, mutane da dama kuma sun yi arziki da hannun jarinsa. Wa zai ɗaga masa yatsa?

Halaye uku da suka haɗu a mutum ɗaya

Na farko, tsananin yarda da kai. Ebbers ya yi imani hannun jarin WorldCom sama kawai ya sani. Saboda haka maimakon ya sayar da nasa ya sami kuɗin kashewa, sai ya riƙa jinginar da su a bankuna yana cin bashi. Da bashin ya sayi gonar kiwo ta Douglas Lake a yammacin Kanada a 1998, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, ya sayi dazuzzukan katako a kudancin Amurka, da kamfanin ƙera jiragen ruwa na alfarma. Nasa jirgin ruwan ma suna ya raɗa masa da ke wasa da kalmar sayen kamfani. Da farashi ya fara gangarowa a 2000, bankuna, musamman Bank of America, suka ce jinginar ba ta kai ba, ya ciko. Hukumar daraktoci ta ji tsoron kada ya zubar da hannun jarinsa a kasuwa farashi ya ƙara rushewa, sai ta fara ba shi rance daga asusun kamfani. Kafin a farga bashin ya haura dala miliyan 400. Tun daga nan, duk rahoton da zai faɗi gaskiyar halin da WorldCom ke ciki, takardar karayar arzikin Ebbers ce shi kansa. Mutumin da ke kan wannan siraɗi, ba a tsammanin ya yi wa labarin asara maraba.

Na biyu, rashin jure wa gardama. Kwamitin bincike na musamman da sabuwar hukumar daraktoci ta kafa, wanda ya fitar da rahotonsa a 2003, ya ɗora asalin al'adar kamfanin a wuyan Ebbers. Rahoton ya kawo cewa da aka zo masa da shawarar rubuta ƙa'idojin ɗa'ar aiki, cewa ya yi babban ɓata lokaci ne. Sashen shari'a ba shi da murya a wurinsa. Albashi da kyaututtukan manyan ma'aikata, shi da Sullivan ke yankewa yadda suka ga dama, wanda ya yi biyayya ya sha romo. Daraktocin kuwa da yawansu sun zo ne daga kamfanonin da ya saya, arzikinsu a hannun jarin WorldCom yake, sun zama 'yan amshin shata. A 2000 sun amince da sayen kamfanin Intermedia na kusan dala biliyan 6 a wani taron wayar tarho da bai kai awa ɗaya ba, babu takardun nazari a gabansu. Shugaban kwamitin da ke amincewa da rancen Ebbers, Stiles Kellett, shi kuma kamfanin ya ba shi hayar jirgin sama a kan dala 1 a wata, ban da ɗan abin da yake biya na awannin tashi.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki, wato ƙwauro. Mutumin da ya ci bashin ɗaruruwan miliyoyi don sayen gona, shi ne ya soke kofin da ake ba ma'aikata kyauta, bayan ya yi zargin ana sace garin kofin ana kai wa gida. Wannan ba labarin ban dariya ba ne kawai, domin yana rushe kariyar da ya kawo daga baya a kotu, cewa shi bai san lissafi ba. Wanda ke bin ƙididdigar kofi, da wuya a ce biliyoyin daloli sun sauya gurbi a littafinsa bai ji ƙamshi ba. Kowane wata ana kai masa rahoton kuɗin shiga da ake kira MonRev, yana bin sa layi-layi.

Kashi 42

Babban abin da WorldCom ke kashe wa kuɗi shi ne kuɗin layi, wato abin da yake biyan wasu kamfanonin waya don kiran abokan cinikinsa ya bi ta layukansu. A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta yaɗa cewa zirga-zirgar intanet tana ninkawa duk kwana 100, maganar da bakin mutanen UUNET ya taimaka wajen bazawa. Bisa wannan zato WorldCom ya ƙulla yarjejeniyoyin hayar layuka na shekaru masu yawa. Cinikin da ake jira bai zo ba, farashin kira ya faɗi, amma haya tana nan sai an biya. A watan Yuli na 2000 kuma hukumomin Amurka da na Turai suka tare yunƙurin haɗewa da kamfanin waya na Sprint, cinikin da ya haura dala biliyan 100. Hanyar da aka saba bi ta ɓoye rauni a cikin hayaniyar sabon ciniki ta toshe.

Masu nazarin kasuwa suna kallon lamba ɗaya: cikin kowace dala 100 da ta shigo, nawa kuɗin layi ya cinye? WorldCom ya saba nuna kusan 42. A zahiri lambar ta haura 50 a wasu zangunan wata uku-uku da ake fitar da rahoto. Aikin da aka ɗora wa sashen lissafi shi ne duk wata uku a dawo da ita 42, ko ta halin ƙaƙa.

Dabarar farko ita ce wadda aka sa Vinson da Normand suka yi, kwashe ajiyar da aka ware don biyan basussuka. Tsakanin 1999 da 2000 an kwashe kusan dala biliyan 3.3 ta wannan hanya, har rumbun ya ƙare. Sai aka koma ta biyu, wadda ko ɗalibin shekarar farko a fannin akanta zai gane ƙarya ce. A ɗauki mai motar haya. In ya sayi sabuwar mota, ba zai cire kuɗinta duka daga ribar watan ba, domin kadara ce da za ta yi masa aiki shekaru, sai ya raba kuɗin a kan shekarun. Amma man da ya sha yau ya ƙone yau, dole ya fita daga cinikin yau. To a ce ya rubuta kuɗin mai a shafin kadarori, kamar wata motar ya saya. Littafinsa zai nuna riba mai kauri da dukiya mai yawa, alhali aljihunsa wayam. Abin da WorldCom ya yi da kuɗin layi ke nan. A watan Afrilu na 2001 aka kwashe dala miliyan 771 aka mayar shafin kadarori, aka ci gaba da haka zango biyar a jere, aka raɗa wa abin suna "prepaid capacity", wato wai layin da aka biya kuɗinsa tun kafin a yi amfani da shi. Lambobi ne dunƙulallu, ana shigar da su bayan an rufe lissafin zango, babu rasit babu takardar shaida.

A ɓangaren kuɗin shiga ma akwai wani aiki da suke kira cike giɓi: a auna tazarar da ke tsakanin abin da aka samu da abin da Ebbers ya yi wa kasuwa alkawari, sannan a nemo abubuwan da za a cusa. A nan ne aka sami ɗaya daga cikin 'yan takardun da ke ɗauke da sunansa, wata wasiƙa ta Yuli 2001 zuwa ga babban jami'in gudanarwa Ron Beaumont, yana tambayar ina aka kwana kan abubuwan nan na sau ɗaya da dole su faru kafin a iya cika lamba.

Yadda tsoro ke gangara

Sullivan ba irin Ebbers ba ne. Shiru-shiru ne, gwanin lissafi, har mujallar manyan jami'an kuɗi ta ba shi lambar yabo a 1998. A kotu ya shaida cewa ya sha gaya wa Ebbers cewa abin da ake yi ba daidai ba ne, amsar da yake samu kuwa ɗaya ce: dole mu cika lambar nan. Ba a ce masa ya yi ƙarya ba. An dai rufe duk wata ƙofa, aka bar ta ƙarya a buɗe. Ya kamata a tuna Sullivan yana neman sassauci ne lokacin da ya ba da wannan shaida, lauyoyin Ebbers ma a kan haka suka gina kariyarsu, amma masu taya alƙali yanke hukunci sun gaskata shi.

Daga Sullivan sai David Myers, mai kula da littattafan kamfani, daga shi sai Yates, sannan Vinson da Normand. A kowane mataki akwai wanda ya ce wannan ba daidai ba ne, a kowane mataki kuma an yi. Vinson ita ce ke ɗauke da yawancin nauyin gidanta, inshorar lafiyar iyalinta ta wurin aikin take, a ƙaramin gari kuma aiki mai irin wannan albashi ba a tsintar sa a hanya. Ta rubuta takardar ajiye aiki, ba ta miƙa ba. Wanda ya nemi ya yi tambaya kuma ya ga abin da ke biyo baya: rahoton binciken ya kawo cewa Yates ya taɓa gaya wa wani ma'aikaci cewa in ya nuna wa masu binciken kuɗi waɗannan lambobi zai wurga shi ta taga. A ofishin Landan, wani jami'i mai suna Steven Brabbs ya ƙi shigar da dala miliyan 33.6 da aka umarce shi a littafin reshensa, ya yi ta ƙorafi, ba abin da ya sauya.

Kamfanin binciken kuɗi na waje, Arthur Andersen, ya sa WorldCom a sahun abokan hulɗa mafiya haɗari a takardunsa na cikin gida, amma bai tsananta bincike ba. An hana shi shiga babban littafin kamfanin kai tsaye, ya haƙura. Lambar 42 da ba ta motsi a lokacin da dukkan masana'antar ke tangal-tangal, maimakon ta tayar masa da hankali, sai ta kwantar masa.

Masu bincike a jami'o'i sun daɗe suna auna irin wannan. Tun 1984 Donald Hambrick da Phyllis Mason suka kawo ra'ayin cewa kamfani hoton shugabanninsa ne. Catherine Schrand da Sarah Zechman, a 2012, sun duba kamfanoni 49 da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta tuhuma, suka ga cewa kusan kashi uku cikin huɗu ba da niyyar zamba suka fara ba. Kyakkyawan zato ne ya yi yawa, aka ɗan gyara lamba da fatan zango mai zuwa zai rufe, bai rufe ba, sai gyaran ya girma. Jiragen Sullivan ke nan da ba su taɓa sauka ba. Wani nazarin na 2011, na Mei Feng da abokan aikinta, ya nuna cewa manyan jami'an kuɗi da ke faɗawa cikin murɗiya sun fi yin haka saboda matsin shugaban kamfani, fiye da neman abin aljihunsu. Har girman sa hannun mutum an auna a matsayin alamar son kai, Charles Ham da abokansa suka sami alaƙa tsakaninsa da raunin rahoton kuɗi a 2017. Ni dai ina ɗaukar wannan na ƙarshe da taka-tsantsan, alaƙa ce a cikin taron jama'a, ba hujja a kan mutum ɗaya ba. Kuma kada a manta, halayen nan na Ebbers su ne jaridu suka yi ta yabo a 1998 da sunan jarumta da hangen nesa. Mutumin bai sauya ba. Kasuwa ce ta juya, aka kuma rasa mai taka masa burki.

Aikin dare

Ebbers ya sauka a ƙarshen Afrilu na 2002, bayan maganar rancensa ta fito fili, farashin hannun jari kuma ya faɗo ƙasa da dala 3. Ban ɗauka katari ba ne cewa asirin ya tonu cikin wata biyu da tafiyarsa.

Cynthia Cooper, 'yar asalin garin Clinton, ita ce shugabar sashen binciken cikin gida. An taƙaita aikin sashenta ga duba yadda ake gudanar da ayyuka, ba littafin kuɗi ba, kuma a ƙarƙashin Sullivan take. Tun a watan Maris ta yi karo da shi kan wata ajiya ta dala miliyan 400 da aka ɗauke daga sashen wayar salula, ya gargaɗe ta da kakkausar murya. Ba ta janye ba. A ƙarshen Mayu wani ma'aikacinta, Gene Morse, ya ci karo da dala miliyan 500 da aka rubuta a matsayin kuɗin kayan kwamfuta, babu takarda ko ɗaya a bayanta. Suka koma aiki da dare don kada a lura da yawan bayanan da suke janyowa daga na'ura, Morse yana kwafe abin da ya samu a faifai don gudun a goge. A ranar 11 ga Yuni Sullivan ya nemi ta ɗage binciken zuwa zango na gaba, ta ƙi. A ranar 17 ga wata ita da abokin aikinta Glyn Smith suka bi ofis-ofis. Vinson ta ce ita ta shigar da lambobin amma ba ta da takardun shaida. Yates ya tura su wurin Myers. Myers ya ce babu wata hujja, zai iya ƙirƙiro ta amma ba zai yi ba.

A ranar 25 ga Yuni 2002 WorldCom ya sanar da duniya cewa ya ɓoye kashe kuɗi na dala biliyan 3.8. Aka kori Sullivan, Myers ya ajiye aiki, aka fara sallamar ma'aikata 17,000. A ranar 21 ga Yuli kamfanin ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda ya karye, da kadarori sama da dala biliyan 100 a takarda, karaya mafi girma a tarihin Amurka zuwa lokacin. Kwana tara bayan haka Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar Sarbanes-Oxley. Sassa biyu nata kamar da Ebbers aka auna su: ɗaya ya wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa rahoton gaskiya ne, ɗayan ya haramta wa kamfani ba shugabanninsa rance na ƙashin kansu.

A shari'ar da aka yi a Niyok, Ebbers ya hau akwatin shaida ya ce shi bai san fasaha ba, bai san harkar kuɗi da lissafi ba, Sullivan ya bar wa komai. A ranar 15 ga Maris 2005 aka same shi da laifi a dukkan tuhume-tuhume tara, a watan Yuli mai shari'a Barbara Jones ta yanke masa shekara 25, yana da shekara 63. Sullivan ya sami shekara biyar, Myers da Yates shekara ɗaya da kwana ɗaya kowannensu, Normand bai shiga kurkuku ba, Betty Vinson ta sami wata biyar a kurkuku da wata biyar na ɗaurin gida. Tsofaffin daraktoci sun biya miliyoyin daloli daga aljihunsu don sasantawa da masu hannun jari. Abin da ya saura na kamfanin ya koma sunan MCI, kamfanin waya na Verizon ya saye shi a farkon 2006.

A watan Satumba na 2006 Ebbers ya tuƙa motarsa da kansa zuwa gidan yarin Oakdale a jihar Luwiziyana. An sake shi a Disamba 2019 saboda rashin lafiya, idanunsa sun kusa mutuwa, ya rasu a gidansa na Brookhaven ranar 2 ga Fabrairu 2020 yana da shekara 78.